Karanta Masa Ko Yana Rarrafe

'Ya'yana masu sabon goyo, akwai wani ƙorafi da ya yawaita a bakinku 'yan shekarun nan, wanda kakanninku ba su san da shi ba. Yarinya za ta ce an shawarce ta ta riƙa karanta wa jariri littafi kafin barci, ta kuwa sayo mai hotuna da kuɗinta, amma nata ɗan ba ya zama. Da ta buɗe zai kai wawura, ya cusa gefen littafin a baki, ya jiƙa shi sharkaf da miyau, ya yi wurgi da shi, ya sulale daga cinya ya nufi bakin ƙofa inda takalma suke. Ta ɗauko shi, ya banƙare. Ta matsa masa, ya tsala ihu. Ƙarshenta littafi ya koma saman durowa, wai sai ya yi wayo. Har akwai mai tambaya ƙasa-ƙasa ko wannan alama ce yaron ba zai yi boko ba. Ɗan wata goma fa!

Ku kwantar da hankalinku. Yaron da ya samu ƙafar rarrafe ya ƙi zama wuri ɗaya, lafiya ce ta kawo haka, abin a gode wa Allah ne. Abin da ya rikita ku hoton nan ne da kuke gani a waya: uwa a jingine da matashi, jariri ya yi lamo a ƙirjinta yana bin shafi da ido, kafin a kai ƙarshe ya lumshe. Wannan na masu talla ne. Ba zama ake nema a wurin ɗan rarrafe ba. Abin da ake so shi ne ya saba da muryarku tana ba shi labari a lokaci guda kowane dare, har jikinsa ya gane cewa in wannan murya ta fara, to rana ta ƙare. Zai samu wannan yana zaune, zai kuma samu yana dafe da gado yana tatata.

Shawarar ba daga bakin masu sayar da littafi ta fito ba. A 1989 wasu likitocin yara a birnin Boston na Amurka suka fara miƙa wa iyaye littafi duk ranar da suka kawo yaro awo, tare da nuna musu yadda za su yi da shi. A 1992 aka gwada irin wannan a Birmingham ta Ingila da jarirai 300, daga baya ya game ƙasar. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta mai da abin matsayarta a hukumance, ta ce a fara tun daga jarirantaka. Cikinsu babu wanda ya yi da'awar jariri zai gane baƙi. Hujjarsu ita ce yaro yana gina harshe ne da kalmomin da ake yi masa kai tsaye, fuska da fuska, kuma littafi yana sa babba ya furta abin da hidimar yini ba ta kawo shi bakinsa. A yini "bari", "sauko", "kar ka taɓa" ake yi. Raƙumi da jirgin ruwa da wata sai an zauna labari.

Wani abin lura kuma yana cikin ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 kan yara 'yan ƙasa da shekara 5. A takarda ɗaya ta ce a bar jariri ya yi ta motsi a ƙasa sau da yawa a yini, wanda bai fara rarrafe ba a kifa shi a kan cikinsa yana farke na aƙalla minti 30 a rarrabe, kada kuma a ɗaure shi wuri ɗaya fiye da awa guda a jere. Har goyo a baya ta ambata. (Ba zan ce uwa mai daka da wanke-wanke ta daina goyo ba, wannan ba maganar mai hankali ba ce. A dai riƙa sauke shi ya miƙe ƙafa.) Sannan ta ce in yaro ya zauna, a yi masa karatu da ba da labari. Kun ga masu cewa a karanta su ne masu cewa a bar shi ya yi ƙiriniyarsa. Kuma sun haɗa karatu da ba da labari a layi ɗaya, wato tatsuniya ma ta shiga.

A nan ne muke da gado, sai dai mun yi sakaci da shi. Ku dubi yadda aka gina tatsuniya. Da dare ake yin ta, har ana tsorata yara cewa mai yin ta da rana zai ɓata a kasuwa. Ba ta buƙatar fitila. Buɗewarta ɗaya ce kullum, a ce ga ta nan ga ta nanku, a amsa, rufewarta ma ɗaya ce. A tsakiya akwai maimaici, Gizo ya je wurin wannan ya faɗi magana, ya je wurin wancan ya sake faɗin ta, ga 'yar waƙa da ke dawowa. Duk abin da masana barcin yara ke nema a yau, wato duhu da murya ɗaya da tsarin da ba ya canzawa, yana ciki. Ba kuma a taɓa cewa sai kowa ya naɗe ƙafa ba. Manyan yara na kewaye da kaka, na goye yana baya, ɗan rarrafe yana tattaka mutane yana jan ɗankwalin wannan yana hawa wancan, labari na tafiya. A haka ya sha harshe.

Abin da ya canza shi ne gidan. Da, aikin kaka ne da gwaggo da yayye, ita uwa ma alkunyar ɗan fari ta hana ta ko kiran sunansa, balle ta zauna tana yi masa labarin Ƙoƙi. Yau da yawanku kuna ɗaki biyu da falo a Kano ko Abuja ko Yamai, daga ke sai shi sai jaririn, kaka tana can garinku sai a waya. To 'yata, a cikin ɗakinki alkunyar wa za ki yi? In ba ki yi masa magana ba, talabijin ce za ta yi.

Muryarki kuwa ya riga ya san ta. A 1986 wasu masana biyu a Amurka, DeCasper da Spence, suka wallafa wani bincike da ya yi suna. Sun sa mata masu ciki su riƙa karanta wani labari a bayyane kullum a makonni 6 na ƙarshe. Bayan haihuwa aka gwada jariran ta hanyar yadda suke tsotso, sai aka ga sun fi karkata ga labarin da suka saba ji a ciki a kan wanda ba su taɓa ji ba. Ma'ana ba su gane ba, kiɗan maganar suka riƙe. Don haka a watannin farko, duk abin da kika karanta ya yi, ko jarida ce, ko littafinki na makaranta. Daga wajen wata 6 hannu zai fara kai wa littafi, baki ya biyo baya, don da baki yake binciken duniya, ga dasashi na ƙaiƙayi. Daga wata 9 zuwa shekara sai rarrafe da miƙewa su cinye masa hankali gaba ɗaya. Wannan ne lokacin da yawancin iyaye ke sarewa, kuma shi ne lokacin da bai kamata a sare ba, domin a nan ne yake fara haɗa kalma da abin da take nufi, yana bin yatsanki da ido in kin nuna.

Ga yadda za ki yi. Ki sauko ƙasa kan tabarma ko kafet, ki janyo ƙofa, ki kawar da abin da zai ja shi. Littafi biyu za ki ɗauko, ɗaya nasa na tauna, ɗaya naki. Ki buɗe ki fara, ko ya juya miki ƙeya. Kada ki bi layin rubutu, hoton za ki yi wa magana: ga akuya, me akuya ta ce? Zai yi nisa har jikin gado, ya kama zanin gado ya miƙe, ya waigo ya ga ko kina kallonsa. Ki ci gaba. Da kika ce kwaɗo ya faɗa ruwa tsundum, za ki ga ya tsaya cak, ya saki gado ya faɗo da mazaunai, ya rarrafo da sauri ya ɗora tafinsa a kan shafin. Ya ba ki daƙiƙa goma. Ki nuna masa kwaɗon, ki sake cewa tsundum, ki bar shi ya rufe littafin in ya ga dama. In ya juya shafi uku a haɗe, ki bi shi can. In ya koma baya, ki koma. Minti biyu ko uku a wannan shekarun karatu ne cikakke, ba kuma dole ne a kai ƙarshen littafi ba.

Kada ki danne shi a cinya don a gama. Yaron da ake riƙe wa hannu ana karanta masa zai haɗa littafi da kokawa, kuma kokawa ba ta kawo barci. Wanda ke ganin barin yaro ya yi yawo ana magana sangarta ce, ya tuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya kuma tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa ba. In salla ta ɗauki motsin yaro, littafin akuya da kwaɗo ba zai gagara ba.

Batun littafin kansa, gaskiya kasuwarmu ba ta yi wa jarirai adalci ba. Littafin Hausa mai kaurin shafi, wanda zai jure haƙori da miyau, wuyar samu gare shi. Amma akwai mafita. In na Turanci kika samu, ki karanta shi da Hausa, jariri bai san me aka rubuta ba. Na fi son haka ma, domin a harshenki ne kike da fir da tinjim da ƙwal da sululu, irin kalmomin da ke kama kunnen yaro, waɗanda ba za su zo miki da wani harshe ba ko kin yi digiri a kansa. Akwai kuma African Storybook a intanet, wanda wata cibiya ta Afirka ta Kudu ta kafa, yana da labaran yara da Hausa kyauta. Ki kai a buga miki a takarda, kada ki karanta masa daga waya. Ko ki yanka kwali daidai tafin hannu biyu, ki manna hotunan tsohuwar kalanda, kaza, mota, kofi, fuskar kaka, ki lulluɓe da salatif, ki ɗinke gefe da zare mai ƙarfi. Ban da maɓalli, ban da duk wani ƙaramin abu da zai ɓalle ya shige maƙogwaro. Littattafan tatsuniyoyi da wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya kuwa, ke za ki karanta su ki tuna abin da kika manta, sannan ki ba shi da ka, a gajarce. Magana Jari Ce a adana masa sai ya girma. Akun da ke cikin littafin ma ai ba don Musa ya yi barci yake ba shi labari ba, don ya riƙe shi har gari ya waye ne.

Sai dai ku rarrabe abu biyu da kuke cakuɗawa. Karatu daban, sa barci daban. Littafi ba maganin barci ba ne, alama ce a kan hanyar zuwa barci, kuma alama ba ta aiki sai an ajiye ta inda ya dace. Yaron da aka ɗauko daga tsakiyar guje-guje, fitila tar, talabijin na ihu, aka ce ga littafi yi barci, ba zai yi ba. Mai tuƙa tuwo ba ta sauke shi yana tsakiyar tafasa, sai ta janye itace ta rufe ya sulala. Janye itacen nan tun magariba yake farawa. Hadisi ya zo da umarnin a tsare yara a gida idan dare ya kawo kai, kuma ko ta fuskar barci kaɗai aka duba, nan ne ya kamata gida ya fara saukowa.

Dalilin yana cikin jiki. Akwai wani sinadari, melatonin, da ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi, shi ke gaya wa jiki dare ya yi. Haske mai ƙarfi yana danne shi, musamman farin hasken nan na ƙwan sola da fitila mai caji da fuskar waya. Sabon jariri ba ya da wannan agogo, sai wajen wata 2 zuwa 3 yake fara daidaita, shi ya sa mai jego ba ta san dare ba ta san rana ba. Nonon dare ma yana ɗauke da sinadarin, na rana kuwa kusan babu. Abin da ke saita agogon shi ne hasken safe da duhun dare. Ku fito da shi tsakar gida da hantsi, da dare kuma ku rage fitila, ku juya ta ta kalli bango, ta bar muku iya abin da za ku ga hoto. Ranar da aka ɗauke wuta ma ba a fasa ba, ranar tatsuniya ce. Waya kuwa, ƙa'idojin 2019 ɗin nan sun ce ɗan ƙasa da shekara 2 ba a so a zaunar da shi gaban allo sam, ɗan shekara 2 kada ya wuce awa guda a yini. Na san katun yana sa shi shiru. Shirun ido ne, ƙwaƙwalwar tana can tana gudu, za ku kuma biya bashin da ƙarfe goma sha ɗaya.

Kai kuma ɗana, da kai nake. Ka dawo daga kasuwa ko majalisa ƙarfe tara, uwar ta sha fama ta kawo shi gaɓar barci, sai ka shigo da sallama mai ƙarfi, ka cilla shi sama, ka yi masa cakulkuli har ya shaƙe da dariya, ka miƙa masa biskit, sannan ka ce "karɓe shi, barci nake ji." Ka rushe aikin awa biyu. Ba a hana ka wasa da ɗanka ba, yana buƙatar wannan wasan, amma ka kai shi safiya ko bayan la'asar. In dare ne kaɗai kake da shi, to karɓi littafin. Kai ka ma fi dacewa da shi ta wani fannin, domin a jikin uwa ƙamshin nono yake ji, da ya hau cinya abin da zai nema ke nan. A jikinka babu abin nema sai murya.

Wani kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne a ce a bar shi ya gaji sosai don ya yi barci mai nauyi. Jariri ba haka yake ba. In lokacinsa ya wuce, jiki sai ya saki sinadaran da ke ƙara masa kuzari, ka ga yaro yana dariya ba dalili, yana faɗuwa yana tashi, yana wutsil-wutsil, jim kaɗan ya ɓarke da kukan da ba ya jin lallashi. Tsofaffi na gani za su ce rigimar barci ce. Yawancin yaran da ake cewa ba sa zama a karanta musu da dare, an makara ne. Ki lura da alamun farko: ya fara murza ido, yana jan kunne, yana kallon wuri ɗaya, ya yi hamma, ya kwantar da kai a kafaɗarki ya ɗago. Nan ne lokacin, ba bayan kin gama kallon shirinki ba. Awon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne awa 14 zuwa 17 a yini da dare ga ɗan wata 3 zuwa ƙasa, 12 zuwa 16 ga ɗan wata 4 zuwa 11, sai 11 zuwa 14 ga ɗan shekara 1 zuwa 2, har da barcin rana a ciki. Tazarar tana da faɗi don yara ba ɗaya ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, ki san na ɗanki.

Tsarin da kansa ba wani abu ne mai wuya ba. Wanka da ruwa mai ɗumi, shafa mai, kayan barci, nono ko kunu, littafi ko tatsuniya, addu'a, kwanciya. Duka kada ya wuce rabin awa ko ɗan fiye. A 2009 Jodi Mindell da abokan aikinta suka wallafa gwajin da suka yi da iyaye mata 405 masu yara daga wata 7 zuwa shekara 3. Waɗanda aka sa su bi tsari ɗaya kowane dare, wanka, shafa, sannan wani abu na natsuwa, cikin mako 2 'ya'yansu suka riƙa saurin yin barci, farkawar dare ta ragu, su kansu iyayen ransu ya fi sauƙi. Wani kamfanin kayan wankan jarirai ne ya ɗauki nauyin binciken, don haka kada ki ɗauka sirrin yana cikin kwalba. Man kaɗanya ya isa. Sirrin jerin ne, abu kaza na bin abu kaza, yau kamar jiya. In wanka yana ƙara wa naki ɗan ƙiriniya, akwai irinsu, ki mai da shi la'asar, ki bar shafa mai kawai. A ƙarshen jerin ki karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ki tofa a tafinki ki shafe shi, kamar yadda Nana A'isha ta ruwaito Manzon Allah yana yi wa kansa in zai kwanta. Ban da ladar da kariyar, wannan shafar ita ce za ta zame masa alamar ƙarshe.

Saura ajiyewa, inda ake yin ta. Ya yi barci a hannu, kin lallaɓa kin kai shi shimfiɗa, bayansa na taɓa katifa ido ya buɗe tar. Wata masaniya a cibiyar bincike ta RIKEN a Japan, Kumi Kuroda, ta bibiyi wannan da na'urar auna bugun zuciya a jikin jarirai 21 'yan wata 7 zuwa ƙasa, ta wallafa a 2022. Ta ga cewa in uwa ta ɗauki mai kuka ta yi ta tafiya da shi minti 5 ba tsayawa, kukan yana tsayawa, kusan rabinsu ma su yi barci. Amma in an ajiye nan take, wajen kashi ɗaya cikin uku suna farkawa. Maganin shi ne a zauna da shi a jiki ƙarin minti 5 zuwa 8 barcin ya yi nauyi, sannan a kwantar. Ta kuma gano cewa abin da ke zaburar da shi ba taɓa katifa ba ne, rabuwa da jikin uwar ne. Mai goyo ta san rabin wannan tun fil azal, shi ya sa take zagaya tsakar gida tana jijjiga. Abin da za ki ƙara shi ne haƙurin zaman nan kafin ki kwance majanyi, sannan in kin kwantar ki bar tafinki a ƙirjinsa ɗan lokaci kafin ki janye. Idan ya haura wata 5 ko 6, ki riƙa gwada ajiye shi yana gyangyaɗi bai gama tafiya ba, kina gefensa kina bubbuga shi. Wata rana ya yarda, wata rana ya ƙi.

Zai farka cikin dare, wannan ba gazawarki ba ce. Zagayen barcin jariri bai kai awa guda ba, na babba kuwa wajen awa ɗaya da rabi ne, kuma a ƙarshen kowane zagaye yana tasowa sama-sama. Wajen wata 8 zuwa 10 ma abin kan ƙaru, lokacin da ƙiwa ke kama shi, ya gane cewa in ba ya ganinki kina wani wuri ne, ga sabuwar miƙewa da yake son gwadawa ko da ƙarfe biyun dare. A irin wannan farkawa ba littafi, ba fitila, ba hira. Nono in yana so, shafa baya, murya ƙasa-ƙasa.

Akwai abubuwan da ba na sassauci a kansu. Ɗan ƙasa da shekara a rigingine ake kwantar da shi. Amurka ta fara gangamin wannan a 1994, mutuwar jarirai ta farat ɗaya cikin barci ta ragu da fiye da rabi. In ya kai yana juyawa da kansa ta kowane ɓangare, a bar shi yadda ya juya. Shimfiɗa ta zama mai tauri, ba matashi, ba tulin bargo, littafin ma a fitar da shi. Kada a yi barci da shi a kan kujerar falo, nan ya fi ko'ina haɗari. A sa shi cikin gidan sauro, a soke gefen da kyau don ɗan rarrafe yana jan komai. Da hunturu kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe, janareta kuma ya yi nesa da taga. Sannan maganin tari ko na mura da ake ɗura wa yaro don ya yi barci, ko wane ne ya ba ku shawarar, ko mai kemis ne ko maƙwabciya, kada ku yi. Irinsu promethazine an yi gargaɗi mai tsanani kada a ba ɗan ƙasa da shekara 2, domin yana iya tsayar da numfashi. In kuka ya kai ki maƙura har kin ji zuciya na tafasa, ki ajiye shi a wuri mai aminci ki fita tsakar gida ki sha ruwa, ko ki tashi uban. Girgiza jariri cikin fushi na iya lalata masa ƙwaƙwalwa har abada. Wanda kuma jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi nono, ko numfashinsa ya canza, ko kukansa ya bambanta da wanda kika sani, wannan ba rigimar barci ba ce, asibiti za a nufa.

Ku kuma raba Dodo da shimfiɗa. "Rufe ido ga kura nan" tana aiki yau, amma nan da shekara biyu ku ne za ku rasa yadda za ku yi da yaron da ba ya yarda a kashe fitila. Tatsuniyar da ake cinye mutane a bar wa manyan yara. Shi a ba shi ta kaza da 'ya'yanta suna shiga akurki ɗaya bayan ɗaya, muryarki tana raguwa da kowane ɗan tsako.

Tsarin zai karye, ba makawa. Biki zai zo, a tafi ganin gida, azumi ya kama a riƙa dawowa daga asham a makare, haƙori ya tsiro. Ki saka littattafan nan biyu a jakar goyo, ki bi jerin ko a gajarce ko a ɗakin wa kuka sauka, in an dawo gida a koma kan lokaci, 'yan kwanaki zai daidaita. Wajen shekara ɗaya da rabi kuma matsalar za ta juye. Wanda ba ya zama shi ne zai jawo littafin da kansa ya dangwara miki a cinya, wanda kika karanta jiya da shekaranjiya, ki gama ya ce a ƙara. Ki karanta masa shi ɗin, maimaicin ne yake koyo da shi, ko ke ya gundure ki. Amma ki yanka adadi tun kafin a buɗe na farko, ki ce biyu za mu yi, ki bar shi ya zaɓi waɗanne biyun. In ya nemi na uku, ki ce sai gobe, ki kuma cika alkawarin goben.